Gwajin Basira da 'Ya'yanmu a Amurka: Amsa ga Malam a Kaduna

Malam, ka tambaya me ya sa Hausawan da suka zauna a Amurka ke ɗari-ɗari idan makaranta ta ce za ta auna basirar yaro, alhali a gida cewa muke barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin yana da mafari. A 1969 wani masanin halayyar ɗan Adam, Arthur Jensen, ya ce tazarar maki kusan 15 da ake gani tsakanin baƙar fata da farar fata a gwajin basira na IQ akwai hannun gado a ciki. Cewa gado na tasiri tsakanin mutum da mutum, binciken tagwaye ya nuna, ba mu ja ba. Tsallakawa daga nan a yanke wa al'umma guda hukunci, shi ne ɓatan kan. Ɗebi irin masara daga buhu ɗaya, rabi a gona mai taki a Saminaka, rabi a kan tsakuwa: bambancin gonakin ba daga irin ya fito ba. Wani masanin, James Flynn, ma ya gano makin jama'a na hawa da kusan 3 duk shekara 10, saurin da ya fi ƙarfin gado.

A 1979 sai da kotu a Kalifoniya ta hana amfani da gwajin wajen tura yara baƙar fata azuzuwan masu raunin fahimta. Shi ya sa mutanenmu ba sa gaggawar sa hannu. Doka ta ce sai da izinin iyaye a rubuce, kuma a gwada yaro da harshen da ya fi ji. Yaron da Hausa ya tashi da ita yakan faɗi a sashen kalmomi, ya ci na haɗa siffofi, a dunƙule makin a ce mai rauni ne. Don haka a nemi sakamakon kowane sashe daban. In hankali bai kwanta ba, a buƙaci masani na waje ya sake.

Abin da ya fi damunmu gubar dalma ce, wadda ta yi ɓarna a Zamfara a 2010, tana kuma daƙushe ƙwaƙwalwar yaro ba tare da alama ba. A Amurka akan gwada jinin yaro don neman dalma a wata 12 da 24. Gidan da aka gina kafin 1978 sai an duba fentinsa ko akwai dalma a ciki. Kwallin da ake kawowa tsaraba daga gida, komai nacin kaka, ba a sa wa jariri, domin an sha samun dalma a cikinsa.