Tambayi Likita: "Ina da ciki wata biyar, ina shan tiramol, ina tsoron faɗa a wurin awo"

Assalamu alaikum. Saƙonnin da suka taru a wannan makon kusan duk a kan ƙwaya suka zo, kuma yawancinsu daga mata. Na zaɓi shida, na cire sunaye kamar yadda aka roƙe ni. Zan daɗe a kan ta farko, domin rai biyu ne a cikinta.

Daga wata baiwar Allah a unguwar Nima da ke Accra, Ghana: Likita, waakye, wato shinkafa da wake, nake sayarwa. Ƙarfe uku na dare nake tashi in ɗora tukunya. Shekara biyu ke nan wata maƙwabciya ta ba ni tiramol saboda ciwon baya, yanzu kullum sai na sha mai miligiram 225 guda biyu, in ba haka ba ko bokiti ba na iya ɗagawa. Cikina wata biyar. Sau biyu na je awo ban faɗa ba, ina tsoron a kira min 'yan sanda, ko maganar ta kai kunnen uwar mijina. Na yi niyyar in daina gaba ɗaya daga ranar Juma'a.

'Yar'uwa, Allah ya ba ki ladan niyya. Amma don Allah kada ki yanke shi rana ɗaya ke kaɗai a ɗaki.

Tiramol dangin mofin ne, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi da ke kama jiki. Jikinki ya saba da shi, kuma abin da ke cikinki ma ya saba, domin ƙwayar tana ratsa mabiyiya ta isa gare shi. Ranar da kika yanke, kafin gari ya sake wayewa za ki fara hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, gumi, tsikar jiki na tashi, ƙashi na ciwo, ciki na murɗawa, ga gudawa, ga barci ya ƙaurace. Ke babba kina iya cije haƙori. Mahaifa ba ta san haƙuri ba: tana iya fara juyi, a yi ɓari ko naƙuda ta zo kafin lokaci. Kuma abin da na fi gani shi ne, a rana ta uku azaba ta kai wa mutum iya wuya, ya koma ya sha fiye da na da.

Ci gaba a yadda kike ma ba mafita ba ce. Iyakar abin da likita ke ba babban mutum a yini miligiram 400 ne, ke kina shan 450. Hukumar abinci da magunguna ta Ghana mai 50 da mai 100 ta amince da su. Masu 120 da 225 da 250 ta ɓarauniyar hanya suke shigowa, ba wanda zai rantse miki da abin da ke cikinsu. Tiramol mai yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. In mai ciki ta faɗi tana jijjiga, tunanin kowace ungozoma zai tafi kan hawan jini, alhali tushen abin yana ƙulle a bakin zani ba wanda ya sani.

Kada ki jira ranar da aka rubuta miki a kati. Gobe ki je, ki tafi da fallen ƙwayar a jaka, ki ce wa ungozoma kina da magana ke da ita kaɗai. Ki faɗi adadin gaskiya. Mun san mutane kan raba lissafin biyu in sun zauna a gabanmu, mai shan huɗu ya ce biyu, amma da wannan lissafin ake tsara magani, in kin rage kanki kika cuta. Za ta haɗa ki da likitan mata da kuma nas mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ake samu a yawancin asibitocin gwamnati na unguwanni. In abin ya fi ƙarfinsu, babban asibitin Korle Bu da ke Accra na da sashe na musamman na masu shaye-shaye. Tun 2014 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ɗora mai ciki a kan maganin da ke maye gurbin ƙwayar, irin metadon ko bufurenofin, maimakon a yanke mata. Waɗannan ba a ko'ina ake samunsu a ƙasar nan ba. Inda babu su, likita kan tsara ragewa sannu-sannu, ana sauraron bugun zuciyar jariri.

Maganar 'yan sanda ki cire ta daga ranki. Sirrin majiyyaci haƙƙinsa ne da ke rubuce a ƙa'idojin hukumar lafiya ta ƙasa, kuma ɗakin awo ba caji ofis ba ne. Kuɗi kuma, tun 2008 mai ciki kyauta take yin rajistar inshorar lafiya ta NHIS, katin ya ɗauki awo da haihuwa da dubawar bayan haihuwa. A asibiti za ki haihu, ba a gida ba. Amsa ta gaba za ta nuna miki dalili.

Ki sa a auna jininki, sau da yawa gajiyar da ake korewa da ƙwaya ƙarancin jini ne. Uwar miji kuwa ba dole ta ji ba, amma ki zaɓi mutum ɗaya, ko yayarki ko maigidan, wanda zai riƙa raka ki, ya kuma samo mai sauke miki tukunya.

Daga wata kaka a Madina Zango: Jikana kwanansa huɗu, a gida aka haife shi. Kuka yake mai tsini ba dare ba rana, jikinsa na rawa, yana atishawa, ya kama nono ya saki. Ana ta cewa kambun baka ne. Jiya ina shara na ga kwalaben kodin a ƙarƙashin gadon uwarsa.

Hajiya, yau ɗin nan za a kai shi asibiti, ba sai bayan suna ba. Abin da kika zayyana ya yi kama da jaririn da ya saba da ƙwaya a ciki, aka yanke cibiya aka yanke masa ita. Yakan bayyana a kwana ɗaya zuwa uku, wani lokaci ya ɗan jinkirta, shi ya sa ake riƙe irin waɗannan jarirai kwana huɗu zuwa bakwai ana dubawa. Amma ƙwayar cuta a jini ko ƙarancin sukari ma suna zuwa da wannan kama, kuma su ba sa jira. A yi masa addu'a, a tofa, amma kada a ɗura masa komai a baki.

Yana warkewa, in sha Allah. Da yawa ba su buƙatar komai sai ɗaki mai shiru da ƙarancin haske, a naɗe su da zani, a kwantar da su tsirara a ƙirjin uwa, a ba su abinci kaɗan-kaɗan akai-akai. Waɗanda abin ya tsananta ana ɗiga musu mofin gwargwadon nauyinsu, a janye a hankali. Ki nuna wa likita kwalbar, domin kodin da tiramol suna fita a nono, har hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2017 cewa mai shansu kada ta shayar. Likita ne zai yanke yadda za a ciyar da shi.

Sai roƙona gare ki. Kada ki tara mata dangi. In aka tozarta yarinyar nan a tsakar gida, ba za ta daina ba, wurin ɓuya kawai za ta sauya. Ki kira ta ɗaki, ki ce kin gani, ki ce tare za ku tafi.

Daga wani uba a Ashaiman: Ɗana shekararsa 22, yana shan wadda suke kira Red. Yana tsaye sai ka ga ya sandare yana gyangyaɗi. Ina zan kai shi, nawa ne, kuma inshora na biya? Wasu sun ce in kai shi inda ake sa mari.

Baba, Red ba tiramol ba ce, ko da yake 225 ɗin ne a jikin fallen. Haɗi ne na tafentadol, wanda ya fi tiramol ƙarfi, da karisofurodol, mai saki jijiyoyi, wanda aka janye daga kasuwannin Turai saboda kama mutum da yake yi. A Fabrairun 2025 binciken BBC ya bi sawunta har wani kamfani a Mumbai, gwamnatin Indiya ta hana haɗa ta. Wadda ta riga ta shigo kuwa tana nan tana yawo.

Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne: na Accra da ke nan tun 1906, Ankaful kusa da Cape Coast, da Pantang a hanyar Aburi in ka wuce Adenta, motar haya ɗaya daga Madina. Pantang da Ankaful suna da sashen da ake kwantar da masu shaye-shaye. Na san sunan da ake kiran wuraren nan da shi a zango, shi ke sa iyaye su yi ta jan ƙafa har abu ya lalace. Ba sai mutum ya tuɓe riga a titi ake zuwa ba.

Gaskiyar maganar kuɗi: dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta ce kulawar kyauta ce, amma a aikace iyali na biya, musamman in kwanciya ce ta watanni. Daga Nuwamban 2024 NHIS ta ɗauki cututtukan ƙwaƙwalwa huɗu: ciwon damuwa, fargaba, ciwon hawa da saukar yanayi, da sikizofireniya. Shaye-shaye ba ya cikin huɗun, sai dai yara da yawa da ke shan ƙwaya akwai ɗayansu a ƙarƙashi, don haka a sabunta katinsa. Kuma ba kowa ne sai an kwantar ba. Ka fara da asibitin gwamnati mafi kusa, a duba shi, a riƙa ganinsa yana zuwa daga gida, wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kafin ka biya ko sidi ɗaya a ko'ina, ka sa a rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa.

Mari kam ban yarda ba. An haramta ɗaure marar lafiya da sarƙa a ƙasar nan, kuma na sha wanke gyambon da ta bari a idon sawu. Sarƙa tana raba ƙafa da mai sayarwa, ba ta taɓa abin da ke kai yaro wurinsa. Malam ya yi masa addu'a da nasiha, likita ya yi nasa.

Daga wani matashi a Fadama: An ce an halatta wiwi a Ghana?

Ba a halatta sha ba, ƙanena. Abin da aka ba dama shi ne noman wani iri mai ƙarancin sinadarin maye, kashi 0.3 cikin 100, da lasisi, don masana'antu da magani. Abin da dokar 2020 ta sauya shi ne hukunci: wanda aka kama da ɗan abin shansa tara ce, sidi 2,400 zuwa 6,000, maimakon ɗaurin shekaru na dokar 1990. In bai biya ba, gidan yari na nan.

Daga wata uwa a Sabon Zango: 'Ya'yana uku, mijina ya rasu. Ina son a taimake ni in bar ƙwayar barci da na fara sha tun ina takaba, amma ina tsoron a ƙwace min yara.

Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri. Uwa ta kawo kanta neman magani, wannan shaida ce a gare ta, ba a kanta ba. Jami'an jin daɗin jama'a kan shigo ne in yaro na cikin haɗari, an bar shi da yunwa ko ana dukansa. Ke da wuya ma a ce sai kin kwanta. Ƙwayoyin barci irin diyazefam a hankali ake janye su, cikin makonni ko watanni, kina gidanki. Yanke su farat ɗaya na iya kawo jijjiga. Ki ba likita labarin rasuwar, domin ina zaton baƙin cikin ne ke buƙatar magani kafin ƙwayar. A yanzu ki kulle ta inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Daga wata mata a Maamobi: Ƙanena ya yi wata uku a kwance ana yi masa maganin shan ƙwaya, mun sayar da fili. Wata biyu da fitowa ya koma. Kuɗinmu ya tafi a banza ke nan?

Bai tafi a banza ba, Yaya. Cikin mutum goma da suka yi jinya, huɗu zuwa shida kan sake zamewa, kamar yadda mai hawan jini kan koma in ya saki magani. A mayar da shi wurin waɗanda suka duba shi cikin makon nan, ba lallai a sake kwantar da shi ba.

Amma ki sani yanzu ne ya fi shiga haɗari. Wata ukun nan sun sa jikinsa ya manta, adadin da yake sha da yana yawo yanzu zai iya tsayar masa da numfashi. In kun same shi ba ya tashi ko an jijjiga shi, yana wani irin minshari, numfashi na ja da nisa, leɓe ya yi duhu, baƙin idonsa ya ƙanƙance kamar kan allura, kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. Kada a ɗura masa madara ko manja, huhu za su tafi. A kwantar da shi ta gefe, a kira 112, in mota ta yi jinkiri a tari tasi. Akwai allurar da ake kira nalokson, tana dawo da numfashi cikin mintuna kaɗan. A tafi da fallen da aka gani a aljihunsa.