Amsa ga mai tambayar inda ungulayen Zariya suka shiga

Malam, ka tambaya ko ƙaura ungulu suka yi daga Zariya, kuma wace asara muka yi in sun ƙare. Ba ƙaura ba ce, ƙarewa suke yi, kuma da hannunmu a ciki.

Ni a fawa na tashi. A da, kafin mu gama fiɗa a mahauta sun jeru a kan katanga suna jiran a zubar da ƙazantar tumbi. Har sanda muke sa yaro ya riƙe don kora. In jaki ya mutu a bayan ganuwa, kafin la'asar sai ƙashi. Yau mushe sai ya kwana uku yana wari, karnuka da ƙudaje ne a kansa.

Babban abin da ya cinye su shi ne kasuwar magani. Ana sayen kai, ƙafa, ƙwai, har gashin, wai don sa'a ko farin jini. Masu kamun sukan barbaɗa wa nama guba, a tashi ɗaya a kwashe garke guda. Ga kuma sare manyan rimaye da kukoki inda suke sheƙa. Abin da mutane ba su lura da shi ba, ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. To yaushe za ta mayar da gurbin waɗanda aka kashe? Tun 2015 aka sa irin tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Batun asara kuwa, dubi Indiya. Maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu, sai a 2006 aka hana ba wa shanu shi. Karnuka marasa gida suka yawaita a kan mushe, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Ita ungulu cikinta na narkar da ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama, shi kuwa kare gida yake kawo maka su.

Shawarata, in wani boka ya ce ka nemo kan ungulu, ka ce ya sake magani. Kada a zuba wa mushe guba don kashe karnuka, ba su kaɗai ke ci ba. In kuma akwai sheƙa a rimin unguwarku, ku gaya wa mai unguwa ya tsawata wa masu gatari da yara masu danƙo.