Hali, Wayo da Kalmar "Wai": Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan karon kusan duk a kan ɗan Adam suka zo, kamar an haɗa baki. Wanda ya tambayi sunayen kifi ya yi haƙuri, sai wani jiƙon.

Wani tela daga unguwar Aboabo a Kumasi: "Malam, Hausawa sun ce hali zanen dutse, sun kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In hali ba ya gogewa, wahalar tarbiyya ta mece ce?"

Ɗana, ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Bari mu fara da kalmar kanta. Hali aro ne daga Larabci, kuma tushen da ya fito yana nufin juyawa da sauyawa. Daga wannan tushe Balarabe ya sami kalmar da yake kiran zagayowar shekara, wadda masu fitar da zakka suka sani. A wurinsa hali abu ne mai wucewa: yau kana cikin wannan, gobe kana cikin wancan. In yana son ya ambaci abin da aka gina mutum a kai, sai ya ce ɗabi'a, wadda tushenta ke nufin buga hatimi. Daga nan muka sami ɗab'i da maɗaba'a. Ka ga da za a bi asali, "ɗabi'a zanen dutse" ya kamata a ce. Amma Bahaushe ya ari kalmomin biyu ya musanya musu riguna. Ɗabi'a a bakinmu ta fi karkata ga abin da aka koya aka saba, shi ya sa ake cewa yaro ya ɗauko munanan ɗabi'u a waje. Hali kuwa, kalmar sauyawa, ita muka ɗora wa dutse.

Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Muna cewa "halin da ake ciki", muna cewa "ba hali" in abu ya gagara, muna kuma kiran mai abin hannu "mai hali". Wannan na ƙarshe yana ba ni dariya mai ɗaci. Kalma ɗaya ta ɗauki nagarta da aljihu, kuma a zaman Zango sau da yawa ba a wahalar da kai wajen rarrabe su. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya zauna garin Salaga na ƙasar Ghana zamanin fataucin goro, ya koma garin Kete Krachi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ya rasu a can a 1934, yana da waƙa guda a kan talauci da wadata. Abin da ta ƙunsa shi ne yadda ake wulaƙanta talaka ko da mutumin kirki ne, a girmama mai dukiya ko yaya yake. Yau shekara kusan ɗari da rasuwarsa, je ka wurin ɗaurin aure ka ga wa ake shimfiɗa wa darduma.

To, ga amsarka. Karin maganar biyu ba sa faɗa da juna, lokacin faɗinsu ne ya bambanta. Ta icce ana faɗa wa uba ne yaronsa na ƙarami. Ta dutse kuwa ana faɗa wa wanda aka cuta sau biyu yana shirin ba da amana karo na uku. Ba wanda ke tashi ranar suna ya ce hali zanen dutse. Sannan ka duba hoton da kyau: dutse ba ya zuwa duniya da zane, hannu ne ke zana shi, a hankali, da maimaici. Kai tela ne, ka san layin da dutsen guga ya daɗe yana bi a wando ba ya fita da wanki ɗaya. Gida da abokai su ne hannun, shi ya sa aka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Abin da ba na jurewa shi ne mutum ya ɗora wa kansa wannan karin magana. Ya zagi matarsa, a yi masa magana, ya ce "ni halina ke nan, hali zanen dutse." A'a, malam. An yi ta ne don ka yi hattara da wani, ba a yi ta don ka yi matashin kai da ita ba. Da hali ba ya motsi sam, da ba a buɗe ƙofar tuba ba.

Wani ɗalibi: "Ilimi ne daidai ko ilmi?"

Duka biyu ana rubutawa. Ilmi ya fi kusa da Larabci, ilimi ya fi daɗi a harshen Bahaushe. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai cikin takarda guda.

Wata malamar makaranta daga Asawase: "Mene ne bambancin hankali da wayo? Iyaye suna yaba 'ya'yansu da wayo, ni kuwa raina bai kwanta ba."

Malama, ranki yana da gaskiya, amma rabi. Wayo yana da fuska biyu. In aka ce yaro ya yi wayo, ana nufin ya fara gane duniya, ya san wuta tana ƙuna, kuma wannan ba aibi ba ne. In aka ce wane ya yi mini wayo, an shiga unguwar zamba. Waɗanda suka ari kalmar cikin Turancin buroka fuska ta biyun kawai suka ɗauka.

Hankali kuwa daga kalmar Larabci ta aƙali yake, kuma tushenta ɗauri ne, irin igiyar da ake dabaibaye raƙumi da ita. Dubi yadda muke amfani da ita: "tafi a hankali", "yi hankali da rami". Duk maganar riƙe kai ce. Wayo yana nuna maka hanyar da za ka samu, hankali yana gaya maka inda za ka tsaya. Gizo na tatsuniya yana da wayo kamar me, amma ba na jin akwai tsohuwar da ta taɓa kiransa mai hankali.

Maƙwabtanmu Asante suna da nasu Gizon, Kwaku Ananse, kuma labarinsa guda ya fi duk bayanina. Ya tattara hikimar duniya kaf cikin tukunya don kada kowa ya samu, ya ɗaura ta a ciki zai hau itace ya ɓoye. Tukunya ta tokare shi, ya kasa hawa. Ɗansa Ntikuma da ke kallo ya ce, Baba, me zai hana ka goya ta a baya? Nan Ananse ya gane ashe akwai abin da ya rage a waje, har a kan ƙaramin yaro. Haushi ya sa ya saki tukunya ta fashe, hikima ta watsu cikin mutane. Mu muna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma gaskiya ne. Amma ya kamata manyanmu su riƙa jin labarin Ntikuma sau ɗaya a shekara.

Wani direba daga Tafo: "Me ake nufi da ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba?"

Ba wanda ya kammala. Amma lura, Alhaji, tara aka ce, ba a ce biyu ba, wato kyautata zato ne ga mutum. Kuma wanda aka yi wa laifi shi ke da ikon faɗinta, sadaka ce yake yi wa mai laifi. In mai laifin ya riga kowa faɗa, ya ci sadakar da ba a ba shi ba. Irin wannan gwano ne, ba ya jin warin jikinsa.

Wata Hajiya daga Alabar: "Jikana ya ce in daina sa 'wai' a maganata, wai alamar rashin tabbas ce. Yana da gaskiya?"

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ki gaishe shi, ki ce masa alamar rashin tabbas ce ƙwarai, kuma amfaninta ke nan. Na ma ji daɗi da kika sa masa "wai" a cikin tambayar.

Hausa tana da matakala ta sani, hawa-hawa. A sama akwai "na gani", domin gani ya kori ji. Ƙasa da shi "na ji da kunnena". Sai "in ji wane", inda ka ambaci mai maganar ka ɗora masa nauyinta. Sai "an ce", inda mai maganar ya ɓace. Sai "wai", wadda ke cewa ga abin da ya iso ni, amma ban sa hannu ba. Can ƙasa akwai zato da ƙila, da abin da malamai ke kira ƙila-wa-ƙala, daga Larabcin "an ce, ya ce". Jita-jita ma sunanta ya tona ta: ji ta, ji ta, ba wanda ya gan ta. Mai magana da kyau yana sanar da kai matakin da yake tsaye kafin ya ba ka labari. Harufa uku na "wai" amana ce tsakaninsa da mai sauraro.

Yanzu fa? Saƙo ya shigo WhatsApp, mutum ya tura shi rukuni goma, "wai" ta faɗi a hanya kamar kwabo daga hujajjen aljihu. Abin da ya taso daga kasuwar Kejetia a matsayin zato, kafin ya isa unguwar Sawaba ya zama rantsuwa. Ni kaina na taɓa faɗawa. An ce mini wai wani tsohon abokin karatuna ya rasu, na gaya wa mutum biyu ba tare da "wai" ba, muka ɗunguma zuwa ta'aziyya, muka tarar da mamacin a ƙofar gida yana shan koko da ƙosai. Har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni ko an sa ranar sadakar bakwai.

Malaman zaure sun raba jahilci biyu. Akwai basiɗi, wanda bai sani ba kuma ya san bai sani ba. Wannan mai sauƙi ne, matambayi ba ya ɓata. Akwai murakkabi, wanda bai sani ba kuma bai san bai sani ba. Da aka ce rashin sani ya fi dare duhu, a ganina na biyun ake nufi, domin mai tafiya cikin dare ya san dare ne, yana laluben hanya, shi kuwa wancan gudu yake yana zaton rana ce. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik, wanda ya rasu a Madina a shekara ta 179 bayan Hijira, tambaya 48, ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba". Wannan shi ne malamin da mazhabarsa muke bi daga Kano har Kumasi. A Suratul Kahfi kuma ga Annabi Musa ya bi Halliru neman sani, sau uku yana ganin abu yana yanke hukunci da zahirinsa, sau uku ana nuna masa akwai abin da ke bayan labule. Tsofaffin malamanmu ba sa rufe fatawa sai da "Allahu a'alamu". Yaran yanzu suna tsammanin ado ne na rufe magana, kamar "wassalam". Ba ado ba ne, "wai" ce ta malamai.

Akwai wata "wai" ta raini, kamar "wai shi malami", da ta tambaya cikin ƙosawa, kamar "wai ina ka shiga?" In waɗannan jikan naki yake nufi, to ki rage masa su kaɗan.

Wani matashi daga Suame: "Me ake nufi da albasa bai yi halin ruwa ba?"

Ɗa bai gaji kyawun halin iyayensa ba: an shayar da ita ruwa mai sanyi, ta fito da yaji. Kuma "ba ta yi" ake cewa, ɗana. Na san a Zangonmu mace da namiji duk "ya" ne, har na ji wani yana cewa matarsa ya haihu, amma albasa dai mace ce.