Wayoyin fayiba sun cakuɗe mana, ina mafita?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a Zariya. Wayoyin fayiba, masu zaren gilashi da haske ke bi ta ciki, sun yi yawa a ɗakin gwaje-gwajenmu, duk rawaya, kuma rubutun alƙalamin maka da muke yi a jikinsu gogewa yake yi. Wani ya zare ɗaya, aikin wani ya tsaya. Yaya za mu yi?

Amsa: 'Yar uwa, launin rigar waya irinta kawai yake nunawa. A ƙa'idar TIA-598, wadda ta tsara launukan wayoyin fayiba, rawaya ita ce singil-mod mai siririyar cibiya ta maikiromita 9, ruwan lemo kuma malti-mod mai cibiya mafi faɗi. Ita kuwa maka, sifirit ɗin da kuke goge kan waya da shi ne yake cinye ta.

Ku ba kowace waya lamba tata ta dindindin, kamar F-014, ku buga a takarda mai leda, ku manna a ƙarshenta biyu, kusa da kan da ake sokawa a na'ura. A siririyar waya na fi son takardar da ake naɗewa ta fito kamar tuta, don ana karanta ta ba sai an ja wayar ba. Salatif kam ku bar shi, da zafin bazara ya zo gam ɗinsa zai narke.

Abin da ya fi damuna shi ne masu rubuta sunan na'ura a jikin waya. Gobe a sauya mata wuri, rubutun ya koma ƙarya, kuma mai zuwa zai yarda da shi. Inda waya ta tashi da inda ta nufa, a littafi ko kwamfuta ake rubuta su: lamba, iri, tsawo, wanda ya taɓa ta da ranar. Ku ƙara da launin kai, domin kore an goge bakinsa a karkace ne da digiri 8, shuɗi kuwa miƙaƙƙe ne. In aka haɗa su haske ya zube, fuskar gilashin ma tana iya lalacewa.

Waɗanda suka riga suka cakuɗe, ku samo 'yar fitilar lesa mai jan haske, ta nanomita 650. A kashe sauran lesa, a haska ta ƙarshe ɗaya, a tara farar takarda a ɗayan. Don Allah kada ki leƙa cikin waya da idonki: hasken nanomita 1310 da 1550 da fayiba ke aiki da shi ba a ganinsa, amma yana illata ido. Duk kan da aka zare a mayar masa da murfinsa nan take, balle lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina.