Amsa: wane SSD ya dace da tsohuwar laftof?

Malam, ka ce laftof ɗinka ta yi nauyi, kana son sauya mata hadis (ma'ajiyar bayanai) da SSD, wato nau'in ma'ajiyar da ya fi sauri, a nan Gusau, kana tambaya tsakanin Samsung, Crucial da Kingston wanne za ka ɗauka.

Kafin batun kamfani, buɗe murfin ƙasan kwamfutar ka duba mazaunin hadis ɗin. In na inci 2.5 ne, SSD mai mahaɗin SATA za ka saya, gudunsa bai wuce kusan MB 550 a daƙiƙa ba, ko na wane kamfani ne. In akwai ramin M.2, wato siririn ramin da ake soka ƙaramin SSD, tabbatar yana karɓar NVMe, nau'in da ya fi SATA gudu, domin wasu ramukan SATA kaɗai suke ɗauka, in ka saka NVMe sai kwamfuta ta ƙi ganinsa.

A cikin na SATA, Samsung 870 EVO nake fifitawa: yana da DRAM, wato ƙaramar ma'ajiyar wucin gadi da ke taimaka masa gudu, kuma mai GB 500 kamfani ya lamunce za a iya rubuta bayanai har TB 300 a kansa (TB ɗaya GB 1,000 ne). Crucial MX500 ma yana da DRAM, nasa TB 180. Kingston A400 da Crucial BX500 ba su da DRAM, shi ya sa suka fi arha, kuma suna ja da baya idan ana kwafar manyan fayiloli. Don rubutu da intanet sun wadatar.

Abin da ya fi damuna jabu ne. Kafin ka biya, sa mai shago ya buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka ga awannin da SSD ɗin ya yi aiki, kada a ba ka tsohon hannu a kwalin sabo. A gida kuma gwada shi da manhajar H2testw, za ta tona in girman da aka rubuta a jikinsa ƙarya ne. In NVMe ne, ka kula da zafin bazara, yakan rage gudu idan ya haura digiri 70.