Tambaya da Amsa: Famfon Zafi ko Murhun Ɗumama Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a yankin da zafi ke cinye mafi yawan shekara, sanyi bai wuce na 'yan makonni ba, kuma da wuya ruwa ya daskare. Na'urar sanyaya gidana ta tsufa, ina shirin canza ta. Wani ya ce in haɗa da murhun gas na ɗumama gida, wani kuma ya ce famfon zafi ya wadatar. Wanne ya fi dacewa da ni?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, a irin yanayin da ka bayyana famfon zafi ne ya dace da kai, kuma dalilin yana cikin tambayar taka. Tunda ba makawa sai ka sayi na'urar sanyaya gida, ka sani cewa famfon zafi ita ce wannan na'urar, illa dai an ƙara mata wani bawul da ke juya tafiyar sinadarin sanyin da ke cikinta. Lokacin zafi tana kwashe zafin ɗaki ta zubar a waje, idan sanyi ya shigo kuma sai ta juya, ta tsamo ɗumi daga iskar waje ta shigo da shi. Duk wanda ya taɓa kai hannu bayan firji ya ji ɗumi ya san wannan aiki, domin zafin da aka ciro daga cikin firjin ne yake fita ta nan.

Shi murhu ƙona makamashi yake yi kafin ya samar da zafi, don haka ba zai taɓa ba ka fiye da abin da ya ci ba. Na gama-gari yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na gas ɗin zuwa ɗumi, mafi inganci kuma yakan kai kashi 98. Famfon zafi kuwa, da yake ɗauko zafi yake yi daga wani wuri, yakan ba da ɗumi ninki uku, wani lokaci har huɗu, na wutar da ya sha, muddin sanyin waje bai yi tsanani ba. Rauninsa yana fitowa ne idan ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 0 na Salshiyas, inda ƙarfinsa ke raguwa har wasu na'urorin su koma kan wayoyin ɗumama na lantarki masu shan wuta sosai. Wannan matsalar mutanen ƙasashen ƙanƙara ce, kai da wuya ta same ka.

Akwai abubuwa biyu da kan ɗaga hankalin sabon mai famfon zafi. Iskar murhu tana fitowa da zafin da ya kan haura digiri 50, ta famfon zafi kuwa ba ta cika wuce zafin jikin mutum ba, shi ya sa in ka tara hannu a bakin bututun sai ka ji kamar ba ya aiki, alhali ɗakin yana ɗumama a hankali. Haka kuma da asubar da aka tashi da sanyi da raɓa, za ka iya ganin tururi yana tashi daga na'urar waje, ruwa yana ɗiga ƙarƙashinta. Ƙanƙarar da ta taru a jikinta take narkarwa, ba lalacewa ta yi ba.

Murhu yana da hujja ne kawai idan kana da lafiyayye a gidan, bututun gas ya riga ya iso, kuma gas ya fi lantarki araha nesa ba kusa ba. Ko a nan sai ka tanadi mafitar hayaƙi da na'urar gano iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da wari amma tana kisa. Kada kuma a ruɗe ka da zancen ɗaukewar wuta, domin fankar murhun ma da lantarki take aiki.

Inda nake so ka fi sa ido shi ne girman na'urar. Masu girkawa da dama sukan ba da babba don kada a zarge su, amma babbar na'ura tana sanyaya ɗaki cikin gaggawa ta tsaya kafin ta tsotse laimar iska, sai gida ya yi sanyi jiki kuma yana danƙo, ga yawan kunnawa da kashewa da ke gajiyar da kwamfaresa, wato injin da ke matsa sinadarin sanyin. Ka nemi a auna faɗin ɗakuna, a duba tagogi da rufi da ɓangaren da rana ke duka, a yi lissafin bisa buƙatar sanyaya gidan, tunda wannan ne aikin da na'urar za ta fi yi a shekara.