Amsa ga mai shirin sauya rufin gidansa

Ɗan'uwa, ka ce rufinka ya tsufa yana yoyo, za ka cire shi ka sa sabo, kana tambaya me za ka tarar in aiki ya kankama, kuma ko dole sai iyali sun tashi. Na sauya na gidana, na kuma tsaya wa wasu 'yan'uwa a kan nasu, to ga abin da na gani.

Ka sa a ranka cewa kuɗin da kafinta ya yanka maka kafin a yaye tsohon kwano da wuya ya tsaya a nan. Sau da yawa babu ha'inci a ciki, domin ba mai ganin halin da katako yake ciki sai an buɗe. A gidana, katakon da ke kwance bisa bango a ido lafiya lau yake, amma da kafinta ya danna masa sukudireba sai ta nutse, gari ya zubo. Gara ta cinye cikinsa tas. Don haka ranar da za a yaye rufin kada ka je ko'ina. Hau tsani ka gani da idonka, duk wanda ya ruɓe a fitar da shi, kada ka yarda a ce maka "zai ɗauka". Sabon katakon ya zama busasshe, a shafe shi da maganin gara tun yana ƙasa. Ɗanye yana lanƙwashewa in ya bushe, ƙusoshi su saki.

Abin da na fi so ka sa wa ido shi ne ɗauri. Iska mai ƙarfi ɗaga rufi take yi, kuma daga baki da kusurwa take farawa. In ba a ɗaure katakon da ke kwance bisa bango da jikin ginin ba, da rodi ko langalanga, komai tsadar kwanonka guguwa ɗaya za ta kwashe shi har da katakon. Wannan aikin yana ɓuya da zarar an rufe, shi ya sa nake nanata shi.

Batun kwano kuwa, ka tambayi kauri. Na alminiyam akwai mai milimita 0.45, akwai mai 0.55, kuma ido ba ya bambance su, sai a auna a gabanka. Inda kwano ya hau kan kwano ta tsawo, hawan kada ya gaza inci 6, in gangaren rufin kaɗan ne ma a ƙara. A kwano mai tudu da kwari, ƙusa a kan tudu ake buga ta, da washa ta roba, domin kwarin hanyar ruwa ne. Mafi yawan yoyon da na gani a sabon rufi daga mahaɗa yake, wato inda rufi biyu suka haɗu ko inda kwano ya taɓa bango.

Tashi ba dole ba ne in za a yi aikin ɗaki-ɗaki, sai dai ka shirya wa ƙarar guduma tun safe da ƙurar shekaru da za ta zubo ta silin. A lulluɓe kaya da leda, a kashe wutar ɓangaren da ake aiki. Jarirai, tsofaffi da mai asma gara su wuni a wani wuri. Ku yi yarjejeniya cewa ba za a yaye fiye da abin da za a iya rufewa a ranar ba, kuma tamfol ya kasance a kusa. Kullum da yamma a bi tsakar gida da maganaɗisu a tsince ƙusoshi saboda ƙafar yara. In tsohon rufin ko silin na asbesto ne, don Allah kada a farfasa shi, ƙurarsa tana jawo cutar huhu har da daji. A nemo wanda ya san cire shi.

Ku rubuta komai: irin kwano, kaurinsa, wa zai kwashe tsohon, da yadda za a biya. Ka riƙe wani kaso na kuɗin aiki har sai an yi ruwa mai ƙarfi. In da sauran lokaci kafin ruwan, a hau da tiyo a zuba ruwa a kowace mahaɗa, kai kuma kana ciki da tocila kana duba ƙasan kwanon. Allah ya sa a gama lafiya.